Balaraba Mai Amada da Sunan Ango

Duk wanda ya zauna a unguwar Gangare ta Jos a shekarun da suka biyo bayan dubu biyu, in dai yana da uwa ko ƙanwa ko mata mai zuwa biki, ya san Balaraba Mai Amada, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Amada dai kiɗan ƙwarya ne na mata, wanda ake yi a tsakar gida ranar wunin biki ko ranar suna, maza kuwa sai dai su ji ta bayan katanga. Balaraba gajeriya ce mai kauri, mai faɗin kafaɗa, muryarta da ɗan kaushi kamar ta wadda ta tashi da mura, amma in ta ɗaga ta ana jinta daga layi na uku. A Gangare aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Ta fara da amshi a bayan wata tsohuwar zabiya, da tsohuwar ta gaza sai ita ta tsaya a gaba. Shekara talatin da biyar ta yi a wannan tsayuwa: mata huɗu a kan ƙore, uku a layin amshi, ita kuma da makirfo a hannu.

Ita da kanta ta san ba murya ce jarinta ba. Jarinta shi ne sanin gidaje. Kwana uku kafin biki takan je gidan da sunan gaisuwa, ta zauna a madafi tana taya mata tsince shinkafa, kunnenta a buɗe. Kafin ta tashi ta san wace gwaggo ce ta zo daga Bauchi, wace ce ta yi fushi don ba a aika mata da goro da wuri ba, waɗanne mata biyu ne ba za a haɗa sunayensu a baiti ɗaya ba. Ranar wuni kuwa, da mace ta sako ƙafa a ƙofar tsakar gida, Balaraba za ta cafke ta da waƙa, ta ambaci uwarta da kakarta da garin da suka fito, har matar ta rasa inda za ta sa kanta don daɗi. Ba ta taɓa rubuta ko harafi ɗaya ba, domin ba ta yi boko ba, kuma ba ta taɓa koya wa kowa ba. In 'yan amshinta suka tambaye ta yadda aka yi ta san kaza, sai ta ce, “Ku dai ku amsa.”

A shekarar dubu biyu da uku Kausar ta shigo ƙungiyar. Tela ce mai kimanin shekara talatin, mijinta direban babbar mota da yakan yi wata guda bai kwana a gida ba. A Gada Biyu ta tashi, cikin maƙwabta Kirista, sai bayan rikicin dubu biyu da ɗaya suka kwaso kayansu suka dawo Gangare, kamar yadda mutane da yawa suka yi ta canza unguwa a lokacin. Balaraba ce ta ji ta tana rera waƙa a kan keken ɗinki, ta tsaya a ƙofar shago ta saurara, ta ce mata ta zo ranar Alhamis, ranar da suke gwaji. Daga baya, duk sa'ad da abin ya taso mata, wannan tsayuwa a ƙofar shago ita take fara tsine wa.

Wata shida Kausar ta yi tana amshi kawai. Sannan ta fara kawo abubuwa. Da farko ta zo da tulun ƙasa da ɗan matashin soso da ake buga bakinsa, irin wanda matan zumunta suke kaɗawa a coci. Ƙawarta Firisila, wadda suka koyi ɗinki tare, ita take jan waƙa a zumuntar matan cocinsu a Gada Biyu, kuma Kausar ta yi shekaru tana jin gwajinsu ta tagar shago. Balaraba ta dubi tulun ta ce na ruwa ne, a kai shi madafi. Amma da Yalwa, mai kaɗa masaki, wato babbar ƙwarya, ta gwada shi a ƙarƙashin kiɗan, sai ƙore suka sami gindin zama, kiɗan ya yi nauyi har ana jin sa a ƙirji. Tulu ya zauna.

Abu na biyu ya fi na farko. A amada 'yan amshi ne suke amsawa, sauran mata nasu rawa ne da guɗa da liƙi. Kausar ta ce me zai hana gida duka ya amsa? Sai ta riƙa tsara gajeren amshi, kalma biyar ko shida, ta maimaita sau uku har ya zauna a bakin kowa, sannan ta ɗauki makirfo ta shiga cikin mata tana kanga wa wannan, tana kanga wa waccan. Mace za ta ji muryarta ta fito ta lasifika, ta rufe fuska tana dariya, ta gaba kuma tana miƙo wuya. Waƙoƙin nan duk a rubuce suke cikin wani littafin makaranta mai bango shuɗi da take ajiyewa a jakar zarenta. Balaraba takan ba ta waƙa ɗaya ko biyu can wajen ƙarshe, lokacin da rana ta yi sanyi ita kuma maƙogwaronta ya gaji, tana ɗaukar abin a matsayin wasan yara.

Kaset ne ya nuna mata ba wasa ba ne. Wani mai sayar da kaset a kusa da Taminus, Nwabueze, yana da ɗan ɗaki a bayan shagonsa wanda ya manne bangon da kwalin ƙwai, a nan yake ɗaukar waƙoƙi. Ya ji su a bikin wani abokin cinikinsa, ya yi ta naci har Balaraba ta yarda. Suka je su tara da ƙorensu da bahon ruwa da tulu, aka cusa su a ɗakin kamar kifin gwangwani.

“Mama, ka tsaya nan, kada ka motsa,” in ji Nwabueze, da Hausarsa ta kasuwa. “In wuta ya yi ja, ka fara. Minti shida kawai, fa.”

“Minti shida? Ai ko gaisuwa ban gama ba.”

“Mama, kaset ba ya jira gaisuwa.”

Wuta ta yi ja, ƙore suka tashi, Balaraba ta buɗe baki. Ta dubi gabanta, babu kowa sai kwalin ƙwai da gilashi, da Nwabueze a bayan gilashin da abin saurare a kunne. Babu wadda ta shigo, babu wadda za a ambata. Ta yi yabon Allah da Manzonsa, ta gai da matan Jos a dunƙule, daga nan sai waƙa ta ƙafe mata. Sau huɗu ana sakewa, sau huɗu tana tsayawa a wuri ɗaya.

“Inna,” in ji Yalwa, “ko a aika a kira miki gwaggon Nwabueze ta shigo?”

Aka fashe da dariya, har Nwabueze da bai ji abin da aka faɗa ba. Balaraba ma ta yi dariya, amma kunnuwanta sun yi zafi. Kausar ta buɗe littafinta, cikin ladabi, ta ce ko ta riƙe wurin kafin Inna ta huta. Waƙa bakwai ta rera a jere, kowace minti shida ba daɗi ba ragi. Ta Balaraba ɗaya ce ta shiga, a ƙarshen gefe na biyu.

Da kaset ɗin ya fito, hoton Balaraba ne babba a bango, na Kausar ɗan ƙarami a kusurwa. Wannan ya kwantar mata da rai na mako guda. Bayan haka duk inda ta juya muryar Kausar ce, a shagunan teloli, a wajen masu shayi, a cikin tasi, har a ɗakin surukarta. Wata safiya ta je Farin Gada sayen tumatir, mai tumatir ya ƙura mata ido ya washe baki.

“Hajiya, ba ke ce ta jikin kaset ɗin Kausar ba?”

Ta ajiye masa tumatirinsa ta saya a gaba. Da ta koma gida ta rufe ƙofa, ta sa kaset ɗin a rediyon ɗanta, ta zauna tana neman aibi. Ta saurara tun daga fari har ƙarshe ba ta samu ba, in ban da wuri ɗaya a waƙa ta huɗu inda Kausar ta ja numfashi a tsakiyar kalma. Wannan wurin ta yi ta mayarwa tana ji, har zaren kaset ɗin ya fara cinyewa. A waje kuwa, in an yabi Kausar a gabanta, sai ta ce, “Allah ya yi mata baiwa,” ta gyara ɗaurin kallabinta.

Abin da ya riƙe ta shi ne manyan gidaje. Sababbin gidaje su kira wadda suka ga dama, amma tsofaffin gidajen Jos, waɗanda kakanninsu suka zo tun zamanin haƙar kuza, ba su san wata zabiya ba sai ita. Babba a cikinsu shi ne gidan Hajiya Jika a Nasarawa Gwom, gidan masu motocin haya, mai sassa shida da surukai tara. Hajiya Jika tsohuwa ce da ta haura tamanin, kuma abin da ta yi a bikinta shi sauran gidaje suke kwaikwayo. Tun Balaraba tana yarinyar zabiya take kiɗa a gidan.

A damunar dubu biyu da shida 'yammata biyu daga gidan suka zo Gangare da katin biki, ranar Alhamis, ana tsakiyar gwaji. Yayansu ne zai yi aure. Suka durƙusa suka gai da Balaraba, suka miƙa mata katin da goro, sannan babbar ta sunkuyar da kai ta ce ƙawayen amarya daga jami'a suke, sun roƙa, in babu damuwa, Anti Kausar ta buɗe, a yi irin wanda kowa yake amsawa.

A amada wadda ta buɗe fili ita ce zabiya, sauran duk 'yan rakiya ne. Kowace mace a ɗakin ta san haka, shi ya sa babu wadda ta ɗaga kai. Balaraba ta san in Kausar ta buɗe gidan Hajiya Jika kuma ya buɗu, sauran gidaje za su bi ɗaya bayan ɗaya, ita kuma za ta ƙare a layin amshi inda ta fara. Ta san kuma in ta hana, za a ce tsohuwa tana baƙin ciki da yarinya.

“To mene ne a ciki?” ta ce. “Ai ɗa na kowa ne. Ta buɗe.”

Da 'yammatan suka tafi ta miƙa wa Kausar katin da hannunta. Kausar ta karanta a fili, ta tsaya a kan sunan ango, ta maimaita shi a hankali tana auna shi a kan harshe.

“Zainulabideen. Kai, wannan suna da kansa waƙa ne.”

Kafin a yi la'asar ta gina amshi a kansa: “Zainulabideen ya kawo amarya, gida ya yi haske.” Yalwa ta sa masaki, tulu ya shiga, 'yan amshi suka ɗauka, har yaran maƙwabta suka fara bi ta bayan katanga. Amshi ne mai kyau. Balaraba tana zaune a kan tabarma tana ɓare goro, kuma tun sa'ad da sunan ya fito daga bakin Kausar ta san abin da babu wadda ta sani a ɗakin, domin sauran duk bayan sunan yaron suka shigo ƙungiyar. Zainulabideen sunan marigayi mijin Hajiya Jika ne, shi aka mayar wa yaron. Ga Hajiya sunan miji ne, ga surukai tara sunan suruki ne, ga uwar ango kuwa kunya biyu ce ta haɗu, sunan suruki da sunan ɗan fari. Shekara ashirin da takwas ana kiran yaron Abba a gidan, ko 'yan aiki ba sa faɗin ɗaya sunan. Abokan ango ne suka buga kati, su kuwa a makaranta suka san shi.

Da za a watse, Kausar ta zo ta durƙusa kusa da ita da littafinta a hannu.

“Inna, ke kika san gidan nan. Akwai abin da ya kamata in sani?”

Balaraba ta tauna goronta, ta dubi littafin, ta dubi mai littafin.

“Ai kina da littafi,” ta ce. “Ga kuma kati.”

A hanyar gida ta gaya wa kanta ba ƙarya ta yi ba. Ita wa ya koya mata? A madafi ta tsinci nata, da hayaƙi a ido. Kuma duk 'yar Bahaushe ya kamata ta san ba a taɓa sunan ango sai an tambayi na wa aka mayar. A makon bikin ba ta je gaisuwar kwana uku ba, kuma ba ta tura kowa ba.

Ranar Asabar aka tashi da yayyafi, sai bayan azahar ya ɗauke. An kafa rumfa a tsakar gidan, mata sun fi ɗari biyu, dangin ango da surukai cikin anko kore a gefen dama, dangin amarya da ƙawayenta cikin ruwan goro a hagu. Hajiya Jika tana kan kujera a bakin ɗakinta, da bargo a gwiwa saboda sanyi. Aka jera ƙore, aka kifa ƙaramar a bahon ruwa, Balaraba ta je ta tsaya a layin amshi. Mata suka yi ta kallonta suna taɓa juna.

Kausar ta buɗe da kyau, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba. Ta yi yabo, ta gai da gida, muryarta siririya tana hawa kan kiɗan kamar zare a kan yadi. Balaraba tana amsawa. Sannan Kausar ta ɗaga hannu, Yalwa ta canza kiɗa, amshin ya fito. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Gefen hagu ya ɗauka da ƙarfi, 'yammatan jami'a suka miƙe suna rawa suna kiran sunan. Gefen dama shiru, kowace ta dubi ƙafarta.

Kausar ta zaci nauyin baki ne irin na manya, wanda ta saba karya shi da makirfo. Ta nufi masu anko kore tana murmushi, ta kanga wa ta farko, matar ta ja mayafi ta rufe baki. Ta kanga wa ta biyu, ta kau da kai. Ta hango wata mai sarƙar zinariya da aka ce mata ita ce uwar ango, ta je ta durƙusa a gabanta, ta rera sunan a hankali don ta bi, ta miƙa. Uwar ango ta miƙe, ta shige ɗaki ta saki labule.

Nan ya kamata Kausar ta tsaya. Amma wanda ya ga fili yana zame masa yakan nufi mafi girma a wurin, sai ta nufi Hajiya Jika. Tulu ya yi shiru, ƙaramar ƙwarya ta bi, Yalwa ta buga sau biyu ita kaɗai ta ajiye sanda. Tsohuwar ta dubi makirfon da ke gaban bakinta, ta dubi yarinyar, ta yi magana a hankali, lasifika kuwa ta kai maganar har titi.

“Yarinya, shekara hamsin na yi a ɗakinsa ban faɗa ba. Yau kike so in faɗa a lasifika?”

Wata ta yi salati, wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Kausar ta tsaya a durƙushe. A fuskarta aka ga lokacin da ta gane, sai ta waiwayo, ba ta nemi kowa da ido ba sai Balaraba.

Balaraba ta tako a hankali, ba gaggawa, ta zare makirfon daga hannunta, ta yi wa Yalwa alama da haɓa. Tsohon kiɗa ya tashi, babu tulu. Ta fara da tsohuwar, da wasan da ke tsakanin kaka da jika:

“Mai sunan maigida ya girma, Hajiya,
an ƙwace miki ango da rana tsaka,
kina zaune da bargo aka yi miki fashi.”

Gefen dama ya fashe da guɗa kamar an buɗe famfo. Ta bi surukai tara ɗaya bayan ɗaya, kowace da uwarta da garinsu, bisa tsarin shigowarsu gidan, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta je bakin labule ta tsaya.

“Mai kunyar fari, fito,
fito ki ga ɗan da ba kya kira,
mu ma ba mu kira ba, Abban gida muka ce.”

Labule ya motsa, uwar ango ta fito tana share ido tana dariya, mata suka rufe ta da rawa. Awa biyu Balaraba ta yi a tsaye ba ta nemi ruwa ba. Rabonta da jin daɗi irin na ranar tun kafin kaset. Sau ɗaya ta kalli layin amshi, ta ga Kausar tana amsawa, idonta a ƙasa, sai ta ƙara ɗaga murya.

Da aka tashi ana haɗa ƙore, aka ce Hajiya tana kiran zabiyoyin, su biyu. Suka shiga suka durƙusa. Tsohuwar tana jiƙa goro a kofi saboda haƙora.

“Balaraba, ranar sunan yaron nan wa ya yi mana kiɗa?”

“Ni ce, Hajiya.”

“Me kika kira shi a ranar?”

“Mai sunan maigida.”

“Ashe ba ki manta ba. Na ɗauka tsufa ne ya kama ki kafin ni.” Ta juya wajen Kausar. “Ke kuma, uwar wa ta ce miki ana gina waƙa a kan kati? Kati na maza ne, su da ba su da kunya.”

“Na yi kuskure, Hajiya. A yafe mini.”

“Kin yi, babba ma. Surukata za ta yi wata tana jin sunan nan a kunnenta. Amma wanda bai sani ba daban, wanda ya sani ya naɗe hannu daban.” Ba ta dubi Balaraba ba da ta faɗi haka, kofinta take kallo. “Muryarki ta yi mini. Ina zaune a nan ba aikin fari ba na baƙi, ki riƙa zuwa ranar Laraba da littafin naki, in gaya miki gidajen garin nan, wa ya haifi wa, wa ba ya gaisawa da wa. Abin da Balaraba ta sani bai kai abin da na manta ba.”

“Hajiya,” in ji Balaraba, “ai da ni ma zan iya nuna mata.”

“Da,” in ji tsohuwar. “Ku tashi, magariba ta kusa.”

A cikin motar da ta mayar da su Gangare, ƙore a kan cinyoyinsu, sun wuce Dilimi ke nan, sai Kausar ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Inna, na tambaye ki fa.”

“Kin tambaya,” in ji Balaraba.

Iyakar abin da suka taɓa faɗa wa juna a kan maganar ke nan. Kausar ba ta bar ƙungiyar ba, ba ta kuma rage ladabi ba, wanda da ta rage da Balaraba ta fi samun sauƙi. Kowace Laraba takan rufe shago da azahar ta hau mota zuwa Nasarawa Gwom. Littafi mai bango shuɗi ya cika, ta sayi na biyu, ta sayi na uku. Ta koyi zuwa gaisuwar kwana uku, ta koyi zama a madafi. Ba ta daina kanga wa mata makirfo ba, sai dai yanzu ta san bakin da za ta kanga wa da abin da bakin zai iya faɗa. Ranar Laraba Balaraba takan rasa abin da yake mata daɗi, ta yi faɗa da jikoki, ta ce miya ta yi gishiri. In Yalwa ta zo ta ce, “Inna, yau Laraba ce ko?” sai ta kore ta.

Bayan wata goma sha ɗaya matar Abba ta haihu. Wannan karon uwar ango ce da kanta ta aiko, kuma saƙon a fili yake: Kausar ta buɗe, a zo da Inna Balaraba. Balaraba ta ce ƙafarta tana ciwo. Da safiyar sunan kuma ta riga kowa shiryawa, domin ba za ta iya zama a ɗaki tana ƙiyasta abin da ake yi a can ba.

Kausar ta buɗe, gidan ya buɗu. Ta bi surukai tara bisa tsari, ta yi wa Hajiya Jika wasan kaka, ta ba gida amshin da hagu da dama suka ɗauka tare. Can da fili ya yi zafi sai ta sa Yalwa ta sassauta, ta juyo ta fuskanci layin amshi.

“Balaraba 'yar Hurera,
Hurera mai tuwon 'yan kuza a Bukuru,
jikar Dije da ta tako daga Kazaure da goyo a baya,
ku gaya mini wa ya buɗe gidan nan kafin a haife ni?”

“Balaraba!” in ji gida duka.

Shekara arba'in rabon da Balaraba ta ji sunan kakarta a bakin wani. Ta yi wa dubban mata wannan abu, ba a taɓa yi mata ba, ba ta kuma san haka yake shiga jiki ba. Hawaye ya zubo ba da izininta ba, mata suka yo kanta da rawa suna manna mata kuɗi a goshi. Tana kuka tana jin haushin kukan, domin da kayan aikinta aka sa ta shi, a gidan da take ganin nata ne.

Da waƙar ta ƙare Kausar ta zo ta durƙusa a gabanta, ta miƙa mata makirfon da hannu biyu. Balaraba ta sa hannu za ta karɓa. Amma tsakar gidan ta riga ta ɗauki ihu, hagu da dama, har da Hajiya Jika tana buga sandarta a ƙasa.

“A sake! Kausar, a sake ta Balaraba!”

Ta tsaya da hannu a miƙe, tana jiran ko mace ɗaya za ta ce Inna ta karɓa. Ta dubi surukai tara, ta dubi uwar ango. Duk suna kallonta da ƙauna, duk kuma sunan Kausar suke kira.

Ta janye hannunta, ta goge fuska da gefen mayafi.

“Tashi,” ta ce. “Ke suke kira.”

Ta ja da baya ta shiga layin amshi, tsakanin mata biyu da ta girmi uwayensu, Yalwa kuma ta ɗaga sanda.